Duwatsun Baba Mati a Kwanar Gawo

Mutanen ƙauyukan da ke bakin kwalta tsakanin Tasawa da Maijirgi manoma ne. Suna da gero da dawa da gyaɗa, suna da jakuna, kuma duk gidan da ke da ɗan hali yana da amalanke. Da ita ake kai dami rumbu, da ita ake kai buhu kasuwa, da ita ake kai mai naƙuda gidan likita. Abu ɗaya ne amalanke ba ta da shi, wato fitila. Ranar kasuwar Tasawa ba a watsewa sai rana ta yi ja, don haka a kan hanya duhun magariba ke riskar mutanenmu, su da jakunansu, a kan kwaltar da manyan motoci ke bi daga Maraɗi zuwa Damagaram. Direba ba ya ganin amalanke sai ya zo kanta.

Akwai wani wuri da muke kira Kwanar Gawo, inda hanya ke lanƙwasa ta hau wata 'yar matsattsiyar gada. Tsofaffi sun ce a da kaka ba ta ƙarewa ba a ɗauke jaki ko mutum a wurin ba. Ni ban riski wannan zamani ba. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauyen da ke kusa, kuma tun zuwana na tarar da fararen duwatsu jere hagu da dama a kwanar. In fitilar mota ta haska su sai su ɗauki ƙyalli, su nuna wa direba inda hanya ta karkata da inda gada ta matse. Na sha wucewa ta wurin a kan moto, wato babur. Ban taɓa tambayar wanda ya jera su ba. Na ɗauka aikin ma'aikatan hanya ne.

A watan Oktoban da ya wuce na ba 'yan ajina aikin rubutu, na ce kowa ya rubuta labarin wani mutum mai amfani a garinsu. Aziza, ɗiyar Sadiƙu mai amalanke, ta rubuta cewa Baba Mati mai faci ne ke sa duwatsun Kwanar Gawo su yi haske. Na ɗauki jan bik na ja layi a ƙarƙashin maganar, na rubuta a gefe cewa wannan aikin ma'aikatan hanya ne. Da aka tashi ta zo gaban teburina riƙe da kaye, wato littafin rubutunta, ta kira ni Mushe kamar yadda ake kiran malamin lakwal a nan.

"Mushe, nan ba kuskure ba ne."

"Aziza, mai faci taya yake liƙewa. Hanya kuwa akwai masu aikinta."

"Mushe, ka tahi ran Asabar da sahe ka gani. In ƙarya na yi ka buge ni."

Ta san ba na dukan yara, shi ya sa ta yi wannan tayin da ƙarfin zuciya. Amma na je.

Abin da na gani ya ɗaure min kai, har yau kuma bai kwance ba. Dattijon da nake kai wa tayar moto shekara da shekaru, wanda nake gaisarwa a gurguje, shi ne durƙushe a gaban dutse da tsintsiya a hannu. Ga yadda Asabar ɗinsa take. In ya dawo daga masallaci yakan jira sai gari ya waye sarai, sannan ya ɗora gwangwanin farin fenti da buroshi da wata 'yar ƙwarya a kan baro, ya tura zuwa kwana. Yakan share yashin da iska ta tara a gindin dutse, ya goge shi da tsumma, ya shafa fenti. Tun fentin yana ɗanye sai ya ɗebi wani gari mai walƙiya daga ƙwaryar da yatsu uku, ya barbaɗa kamar mai tsire yana sa yaji. Duwatsun arba'in ne. Goma yake yi a Asabar guda, wata ya zagayo ya sake daga farko. Na tsaya ina kallo, amma kallon mamaki na yi, ba kallon koyo ba, kuma za ku ji abin da hakan ya jawo.

"Baba Mati, wa ya sa ka wannan aiki?"

"Mushe, kai wa ya sa ka wannan tambaya?" Ya yi dariya bai ɗago ba. "Matsa daga nan, kana tare mini rana."

"Tun yaushe kake yi?"

"Tun shekarar da aka haifi autata Zuhura. Yanzu ita ma tana da goyo na biyu."

Shekara ashirin da biyu ke nan. Shi ya jido duwatsun da amalanke daga wani fako can bayan gonaki. Fentin kuwa ragowar gindin gwangwani ne da yake samowa wurin masu fentin mota a Tasawa. Garin mai walƙiya gilashin motocin da suka fashe ne, wanda yake tsintowa a garaji ya daka, fuskarsa a naɗe da rawani. Matarsa, Inna Barira, ta ce min, "Turmina biyu ya kashe, Mushe, kafin na ce ko ya sa maƙeri ya yi mashi nashi na ƙarfe, ko ya koyi cin tuwo da gilashi."

Daga nan na shiga tambayar mutane, sai na tarar kowane mai amalanke ya sani, kowane direban hanyar ya sani. Mu masu takarda ne kawai ba mu sani ba.

Sadiƙu, mahaifin Aziza, ya nuna min wani abu da suke kira wutsiya. Robar taya ce kamar faɗin tafin hannu, an ɗinka mata ƙyallen nan mai ƙyalli da ake yankowa daga tsofaffin rigunan masu aikin hanya, ga ƙugiyar waya a sama. Ya ce da farko a katakon bayan amalanke Baba Mati ke kafa musu ƙyallen da ƙusa. Sai kaka ta zo, aka labta dami da kara, kaya suka zubo ta baya suka rufe shi ruf. Wani direban motar haya da ake kira Ɗan Baba ya tsaya a rumfar faci ya ce, "Baba, direbobin jakin nan naka sun ɓoye fitilarsu ƙarƙashin kara, sai ka ce kuɗin adashi." Kwana uku Baba Mati yana juya abin, sannan ya fito da wutsiya, wadda ake rataya wa a igiya bayan an gama ɗaure kaya. Duk wanda ya kawo faci sai ya tafi da guda, kyauta. Sadiƙu ya ce wasu sun ga ta yi kyau suka ɗaura wa jakunansu a goshi. Baba Mati ya tare su a bakin hanya: "Kai, mota ta baya take zuwa maka! Ko ce maka aka yi jakinka za ta zo gaisarwa?"

Wannan duka ya isa a jinjina wa mutum. Amma ba shi ne abin da ya fi girgiza ni ba.

Wata la'asar na kai masa wani bidiyo a waya, na wata ƙasa mai nisa inda aka ce an yi fentin hanya mai shan rana da yini, in dare ya yi ya riƙa haske da kansa. Na ɗauka zai ji daɗi. Ya ce, "Fenti mai shan rana? To su kawo shi nan, mu rana ba ta yi mana kaɗan ba, sai ya ƙoshi ya bar saura." Ya karɓi wayar ya kai ta dab da fuskarsa, ya juya ta, ya miƙo min.

"Baƙi kawai nike gani, Mushe."

"Ai kamar duwatsunka ne in fitila ta haska su."

"Haka ake ce mani. Ban taɓa ganinsu ba."

Na ɗauka wasa yake yi. Inna Barira, da ke zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Ba ka sani ba? Malam dundumi gare shi tun yana saurayi. In rana ta faɗi ko tafin hannunshi ba ya gani."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Shekara ashirin da biyu mutum yana yin aikin da sai da duhu ake ganin amfaninsa, shi kuwa duhu na shiga idonsa ke rufewa. Na ce to ta yaya yake sanin aikin ya yi kyau? Inna Barira ta nuna kanta da ɓawon gyaɗa. Duk Asabar bayan magariba takan ɗauki tocila ta je can nesa da kwana, ta ɗora tocilar a goshinta saitin ido, ta tako a hankali kamar mota. In ta dawo sai ta ce, "Na bakwai daga gada ya mutu, na sha biyu yana gyangyaɗi." Washegari ya koma ya gyara.

A ranar ya ba ni labarin mafarin abin, ban roƙe shi ba. Shi ma a da mai amalanke ne. Saboda dundumin, ƙanensa Hammadu ke raka shi kasuwa don ya zame masa ido a hanyar dawowa. Wata magariba a Kwanar Gawo Hammadu yana zaune a bayan kaya, babbar mota ta zo ta baya. Mati ya faɗa cikin yashi ya tashi da ƙurjewa. Hammadu bai tashi ba. Direban ya sauko yana kuka yana maimaita magana ɗaya: wallahi ban gan ku ba.

"Mutane sun so su buge shi," in ji Baba Mati. "Na hana. Duk wurin babu wanda ya kai ni sanin abin da yake faɗi. Mutum ya ce bai gani ba, ni zan ce mashi ƙarya?"

Bayan sadakar arba'in ya fara jidar duwatsu.

Yanzu sai in faɗi kuskurenmu, domin da ni aka yi shi. A 'yan shekarun nan ganin Baba Mati na rana ma ya soma tsukewa, ya ce kamar yana leƙen duniya ta cikin kara. A tsakiyar kaka 'ya'yansa suka kai shi Maraɗi a duba idon, tare da Inna Barira, za su yi mako biyu. Duwatsun sun riga sun dushe da ƙurar motocin gyaɗa. Muka ce bari mu ba dattijo mamaki. Ranar Asabar muka fito mu tara, ni da Sadiƙu da sauran masu amalanke, da fenti sabo fil da ƙwaryar gilashinsa. Muka tsaya a kan kwalta muka fuskanci duwatsun, muka shafe fuskar da ke kallonmu da samansu, fari tas. Da muka gama dukansu, sannan muka bi muka barbaɗa gilashi. Kafin hantsi mun gama aikin da yake yi a wata guda. Muka tsaya muna yaba kanmu. Babu wanda ya yi tunanin ɗaukar tocila ya dawo da magariba.

Ranar kasuwa ta zo. Ana kiran magariba Sadiƙu ya iso kwana da lodin kara, yana dab da hawa gada. Ɗan Baba ya taho ta baya da fasinja cike da mota. Shi ya ba ni labarin da bakinsa.

"Mushe, shekara goma sha biyar duwatsun nan ke gaya mani inda zan rage gudu. Ran nan na zo ban ga komi ba, na zaci da saura. Sai na ga wani ɗan abu yana lilo a sama yana ƙyalli. Wutsiya! Na taka birki na karya kan mota cikin yashi."

Gefen motar ya shafi amalanke ya tuntsurar da ita. Jaki ya tsira, fasinjoji sun tsira, Sadiƙu ya faɗo ya goce a kafaɗa. Tazarar da ke tsakaninsa da abin da ya sami Hammadu ba ta kai kamu ɗaya ba. Aziza ba ta zo lakwal ba kwana uku. Da ta dawo ta zauna a wurinta, ni kuma na kasa haɗa ido da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.

Baba Mati ya dawo da labarin da ba mu so ba: likitoci sun ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura ma tafiya yake yi. Bai tsaya karɓar jaje ba. Washegari ya ce a kai shi kwana. Ya durƙusa gaban dutsen farko ya shafa shi da hannu biyu, gaba da baya da gefe. Ya matsa na biyu. A na uku ya zauna a ƙasa.

"Wa ya yi wannan?"

Sadiƙu, hannunsa rataye a wuya, ya ce, "Mu ne, Baba. Da Mushe."

"Har da Mushe?" Ya juyo inda yake jin numfashina. "Ina kuka tsaya kuna shafawa?"

"A kan kwalta," na ce.

"To ai kun yi wa mai tsayuwa kwalliya. Wa ke tsayuwa a kwana? Direba daga can yake zuwa, wani daga can." Ya nuna gabas, ya nuna yamma. "Kuncen dutse biyu ake shafawa, wanda ke kallon Tasawa da wanda ke kallon Maijirgi. Fuskar da ke kallon kwalta ko ka bar ta baƙa babu ruwan kowa." Ya murza yatsunsa. "Gilashin kuma ina yake?"

"Mun barbaɗa, Baba, bayan mun gama."

"Bayan ya bushe. Iska ta gode maku."

Ɗan Baba, da ya tsayar da motarsa a gefe, ya ce, "Baba, ka bar ni da direbobin jakin nan, in shafa masu fentin a goshi." Sadiƙu ya ce, "Kai da ka ga dutse babu haske ba sai ka rage gudu ba? Sai an rubuta maka wasiƙa?" Baba Mati ya ce su duka biyun su rufe baki su ɗauki tsintsiya.

Asabar huɗu ya yi yana koya mana, dutse goma goma, yana bin bayanmu da tafin hannu. In ya ji fenti ya yi kauri ya sa a kankare, in ya ji gilashi ya yi kaɗan ya sa a sake. Inna Barira kuma ta koya mana tafiyar tocila. Ranar ƙarshe ya miƙa wa Sadiƙu ƙwaryar da turmin ƙarfen, ya ce shi ya gama. Yanzu masu amalanke da direbobi ke karɓa-karɓa, biyu biyu duk Asabar, kuma ba a cewa an gama sai wani ya tako da tocila a goshi.

Baba Mati, na san ba za ka karanta wannan ba, Zuhura za ta karanta maka, kuma na san za ka ce Mushe ya cika surutu. Ka yi haƙuri ka saurara. Kai ne ka ji mutumin da ya kashe maka ƙane ya ce bai gani ba, ka yarda da shi, ka tashi ka nema wa na bayansa abin gani. Kai ne ka yi shekara ashirin da biyu kana kunna fitilar da ba ka taɓa ganin haskenta ba. Mati na Barira, fitilar masu amalanke. Akwai magidanta a ƙauyukan nan da ke cin tuwon dare da iyalinsu, ba su san ranar da ka cece su ba, kai ma ba ka sani ba. Mun gode. Inna Barira, idon Malam, ke ma mun gode. Allah ya saka muku da alheri, ya sa hasken da kuka yi wa mutane ya tarbe ku ranar da kowa ke neman haske.

Ku kuma masu karatu, ba Kwanar Gawo kaɗai ce kwana ba. Daga nan har Mayahi, har Atantane da Cake, babu garin da ba shi da wurin da kowa ya san yana cin mutane. Mai amalanke ya rataya abu mai ƙyalli a bayan kayansa, bayan ya ɗaure, ba kafin ba. Direba in bai ga alamar da ya saba gani ba ya rage gudu. Wanda kuma ya tarar da wani abu mai kyau a garinsu, ya tambayi wanda ke yin sa tun yana nan, ya koya a hannunsa. Kada ya yi irin tawa.

Na karɓi kayen Aziza na soke jan layin da na ja, a gaban aji, na ce Mushe ne ya yi kuskure. Na tambaye ta ko tana da abin da za ta ƙara a rubutunta. Ta ɗauki bik ta rubuta layi biyu ta miƙo min:

"Baba Mati bai taɓa ganin duwatsun suna haske ba. Direbobi ke ganinsu, shi ya sa babana yake dawowa gida."